Kiɗan da Sa'adiyya Ta Ji a Ƙirji

Duk Bauchi, in ana zancen bikin da mata za su cashe babu namiji a wurin, sunan Ikilima ne ke fara zuwa baki. Shekara shida ke nan tana yawo da lasifika biyu da amfilifaya a bayan keke, daga Wunti zuwa Tirwun, daga gidan suna zuwa gidan kamu. Ta sa matan da suka ajiye jikoki sun yar da mayafi sun shiga fili. Ta sa matan malamai, waɗanda ko tafi ba sa yi, suna kaɗa ƙafa a ƙarƙashin hijabi suna zaton ba a gani. Tana kuma da wata mugunta da aka san ta da ita: sai rawa ta yi rawa, ta katse kiɗan ɗif, duk wadda aka kama tana motsi a yi mata ihu. Amma akwai mutum ɗaya da ba ta taɓa sa ta rawa yadda ranta ke so ba, ita ce ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, Halimatussa'adiyya.

Sa'adiyya ba ta ji. Sanƙarau ne ya kama ta tana da shekara bakwai, ya bar mata rai ya tafi da kunnen. Ga ta kuma da son rawa kamar me. Dabararta a biki ita ce ta kafa wa kafaɗar wata ido, kafaɗar ta sauka ta sauka, ta ɗaga ta ɗaga. Kullum sai ta ɗan makara, kuma ta san tana makara. Sau ɗaya, a wani suna a Tirwun, Ikilima ta manta ta katse kiɗa, kowa ya tsaya, Sa'adiyya kaɗai aka bari tana juyi a tsakiya. Aka yi dariya. Ba da mugun nufi aka yi ba, amma ta gan ta a fuskoki, kuma tun ranar Ikilima ba ta sake yin wannan wasa a gabanta ba. Abin yana cinta har yau.

To, sai ga auren Sa'adiyya ya zo, da Izzuddeen ɗin da ta zaɓa da kanta. A danginsu kuwa, ranar kamu amarya kan fito tsakiyar fili cikin lulluɓi, kai a sunkuye, ta taka rawa kafin gwaggwannin ango su buɗe fuskarta. A ƙarƙashin lulluɓi babu kafaɗar da za a kalla, sai yatsun ƙafarka. Sa'adiyya ta yi wannan lissafin tun kafin kowa. Ta ce wa yayarta da hannu, wanda shi ne bakinsu su biyu, ita zama za ta yi, ƙawaye su yi rawar a madadinta.

"Wallahi sai kin yi rawa," in ji Ikilima, da hannu da baki duka. Ta rantse ne kafin ta san ta inda za ta ɓullo wa abin, kamar yadda ta saba.

Ta inda ta ɓullo shi ne shagon Godspower a Wunti, mutumin Kudu da ya shekara ashirin yana sayar da kayan sauti yana gyarawa. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya shiga ciki ya turo wani baƙin akwati da ya kai kwankwaso. Wufa ce, in ji shi. Ba ta waƙa, ba ta magana, aikinta ɗaya ne: ta fitar da rugugin ƙasa na kiɗa, irin wanda ke bugun ƙirji ba kunne ba. Ya ce ta ɗauka aro, in biki ya tashi lafiya a kawo masa ɗan tuwonsa.

Ranar kamu da hantsi aka sauke kaya a gidan Baffa Babayo, wan mahaifinsu, a GRA. Tsohon gida ne na zamanin Turawa, mai falo kamar filin ƙwallo da rufi can sama. Baffa da duk wani mai gemu an tattara su an kai ƙarƙashin bishiyar mangwaro tun safe, domin amarya na ciki da lallenta, falo ya zama na mata. Bintu mai kwalliyar wuri ta riga ta zagaye bango da farin labule da furanni. Tana ganin wufa ta dafe kai.

"Wannan abin kamar akwatin gawa ne za ki ajiye mini a gaban hoto? Lungu! Bayan labule!"

Ikilima ba ta ga laifin lungu ba. Aka tura wufa can kusurwa aka rufe, lasifika ɗaya dama ɗaya hagu, aka haɗa wayoyi. Ta je ta kamo hannun Sa'adiyya ta tsayar da ita a tsakiyar falo, daidai inda za ta tsaya da yamma, ta ce ta rufe ido. Sannan ta koma ta saki kiɗa tana murmushin wadda ta gama aiki.

Tagogi suka ɗauki kyarma. Farantai a kicin suka hau kiɗan kansu. Tsofaffin da ke jingine da bango suka fara salati, wata tana cewa hanjinta na juyawa. Amma Sa'adiyya na tsaye a tsakiya kamar an dasa ta. Ta jira, ta jira, ta buɗe ido ta kalli yayarta tana tambaya ko an kunna.

Ikilima ta ƙara murya. Tsofaffi suka ƙara salati. Ta tako da kanta ta tsaya kusa da ƙanwarta. Muryar mawaƙi tana nan ras, amma rugugin babu shi, kamar an tsame nama an bar romo. Ta yi taku biyar zuwa bango, ga shi nan yana neman tsinke mata zuciya. Ta dawo tsakiya, shiru. Sa'adiyya ta yi murmushi, ta shafa kafaɗarta, ta ce da hannu babu komai, ai dama ta ce za ta zauna. Wannan murmushin ya fi mari zafi a wurin Ikilima.

Ta kira Godspower. Kafin rabin awa sai ga shi a kan mashin, da jakar kayan aiki a wuya, yana neman shiga falo kai tsaye. Mata suka yi masa ca a bakin ƙofa. Namiji? Amarya babu mayafi? Ko Baffa mai gidan bai isa ba, balle shi. Bayan ja-in-ja aka yarda ya tsaya a waje ta bakin taga, ya juya wa tagar baya, ya yi magana da bishiya in ya ga dama.

"Hajiya Ikilima," ya ce yana kallon mangwaro, "kai ka ajiye shi ina?"

"A lungu, Oga."

"Kai! Lungu! Ba ƙarfi ne matsala ba, wuri ne matsala. Wannan sauti yana buga bango, yana dawo, yana haɗu da ɗan'uwansa. Wani wuri su taru su yi yawa, wani wuri su kashe juna. Amarya ya tsaya inda suka kashe juna."

"To yanzu ina zan kai ta?"

"Ni ban sani ba. Ɗaki ne ya sani. Ka ɗauki wufa, ka sa shi inda amarya zai tsaya. Ka kashe lasifika, ka bar shi kaɗai. Sai kai ka yi rarrafe, ka bi bango, kunne a ƙasa. Inda ka ji shi da kyau, nan ne gidansa. In ka kai shi can, amarya zai ji haka a tsakiya."

Rarrafe. Ikilima, mace mai 'ya'ya uku, wadda ake kira da Hajiya a gidajen biki. Ta kalli falon cike da dangi, ta kalli ƙanwarta da ta koma gefe tana duba lallen hannunta don kada a ga idonta. Sai ta tamke ɗankwali, ta ɗaure zani, ta kira mata huɗu suka kinkimo wufa zuwa tsakiya, Bintu na biye tana kukan labulenta. Ta sa kiɗa mai dukan ganga ɗaya da ke maimaita kansa, ta zube a ƙasa da gwiwa da tafin hannu.

Daidai lokacin ne, don abin ya cika, wasu daga dangin ango suka yi sallama da kwanukan abinci. Suka tarar da yayar amarya tana rarrafe a gindin bango, kunci kusa da tayil. Mutanen kirki ne, ba su tambayi komai ba. Ɗaya ta ajiye kwano ta ce lalle ɗankunne ne ya faɗi ko zobe, suka duƙa su ma suka hau laluben ƙasa. Kafin a ankara mata shida ke bin bango a duƙe suna ɗaga tabarmi. Ikilima ta bar su, kunnenta na kan aiki.

Kusa da ƙofar shigowa sautin siriri ne, ba shi da nauyi. A kusurwa kuwa kamar mutum ya cusa kai cikin durom, duka ɗaya ya hau kan ɗaya, ba ka bambance su. Ƙarƙashin taga gilashi ne kawai ke kyarma. Gwiwoyinta suka fara raɗaɗi, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ta juya ta kama dogon bangon da ke fuskantar kicin, ta yi gaba kaɗan, ta ƙara kaɗan. Sai ta tsaya. Nan dukan ya zo mata cikakke, kowanne da kansa, ya shigo ya fita tsaf kafin na bayansa ya iso. Ta ja baya, ya ragu. Ta dawo, ga shi. Ta ɗago kai cike da murna, sai ta yi ido biyu da ƙafafun Goggo Yelwa.

Goggo Yelwa ƙanwar kakansu ce ta wajen uba, Bafulatana siririya da ba a taɓa jin ta ce a yi haƙuri ba. Shekara talatin, duk wani taro da aka yi a gidan nan, a wannan gurbin take shimfiɗa buzunta, da butarta da carbinta da gwangwanin goro. Daga nan tana ganin ƙofar kicin tana ganin ta waje, babu kwanon da zai fita ba ta san inda ya nufa ba. Matar Baffa da kanta ba ta taɓa gigin cewa ta matsa ba.

"Ke 'yar nan, lafiya kike shinshina mini ƙafa?"

Da yake a durƙushe take, sai kawai ta zarce da roƙo. "Goggo, don Allah wurin nan nake so ki ara mini. Nan akwatin zai zauna."

Har masu neman ɗankunne suka miƙe.

"Ni zan tashi wa akwati?" in ji Goggo. "Tun ubanku bai yi kaciya ba nake zama inda na ga dama. Ga fili nan kamar makiyaya, ba ki ga ko'ina ba sai ƙarƙashina? Kuma wa za ki yi wa kiɗan? Yarinyar da ko tsawa ba ta ji? Ku bar ta ta zauna da mutuncinta, kada ku sa a yi mata dariya a gaban dangin miji."

Maganar ta soki Ikilima, domin tsoron da ke ranta ke nan tun safe. Ta ce: "Goggo, ba da kunne za ta ji ba. Da ƙirji za ta ji. In akwatin ya zauna nan, dukan zai same ta a tsakiya, ya bugi ƙirjinta, ta san lokacin taku ko ido a rufe."

Goggo ta juya. Ta daɗe tana kallon Sa'adiyya da ke can gefe ba ta san me ake cewa ba. Da ta yi magana, muryar ba ta ɗazu ba ce.

"Da ta tashi daga ciwon nan, ni na yi jinyarta wata huɗu. Ƙatuwar yarinya, ƙafafunta na bugun gwiwata, haka nake goya ta. Ba ta jin lallashi, ba ta jin komai, sai kuka. Rannan ina goye da ita na manta na kama waƙar tatsar nono, baki a rufe. Sai na ji ta manna ƙirjinta a bayana ta yi shiru. In na daina ta dake ni, in na ci gaba ta kwanta." Ta goge ido da bakin mayafi da sauri, kamar mai korar ƙuda. "Ashe shi kuke nema da wannan baƙin abu. To ku ja mini buzuna, me kuke kallo?"

Aka ja buzu, aka kawo wufa gurbin Goggo. Bintu ta zo za ta yi magana, Goggo ta kalle ta sau ɗaya, ta haɗiye. Sa'adiyya ta koma tsakiya ta rufe ido. Da aka kunna wufa ita kaɗai, girarta ta ɗaga, hannunta ya tafi ƙirji a hankali. Ikilima ta kusa yin guɗa. Ta kunna lasifika biyun don kiɗa ya cika, sai hannun Sa'adiyya ya sauka. Ta nuna da yatsu biyu: ya ragu, saura ɗan kaɗan.

"Oga!" Ikilima ta yi kira ta taga. "Ita kaɗai tana yi, in na haɗa da lasifika sai ya zube!"

"Suna faɗa ne," in ji Godspower, har yanzu da bishiya yake magana. "Kamar mota ya mutu, mutum ɗaya yana tura gaba, ɗaya yana tura baya. Dole su tura tare. Ka ga ɗan abin murɗawa a bayan wufa, na hannun dama? Shi ke sa ya yi sauri ko ya jira kaɗan. Amma kar ka nemi inda ya fi ƙarfi, kunne zai yi maka ƙarya. Ka juya wayan lasifika, ja a wurin baƙi, baƙi a wurin ja, duka biyu. Sai ka murɗa har sauti ya mutu. In ya mutu sosai, ka mayar da waya daidai."

"In kashe shi da hannuna?"

"Ka kashe shi, Hajiya. Inda ya fi mutu a juye, nan ya fi rai a daidai."

An riga an kira azahar tuntuni, masu girki sun fara leƙowa suna cewa a ba su fili. Ikilima ta kashe amfilifaya, ta juya wayoyin, ta kunna. Ta bayyana wa Sa'adiyya aikinta: ta ɗaga hannu sama, in bugun na raguwa ta riƙa saukar da shi. Duk falon babu wadda za ta iya wannan aiki kamar ta, domin sauran muryar mawaƙi ke ruɗa su, ita kuwa bugun kaɗai ke isa gare ta. Ikilima ta tsuguna bayan wufa ta kama murɗawa kaɗan-kaɗan. Hannun ya sauka zuwa kafaɗa. Ta ƙara, ya sauka zuwa ƙugu. Ta ƙara, sai ya fara tasowa, ta koma baya da ɗan kaɗan. Hannun ya faɗi ya kwanta a jikin zani. Sa'adiyya ta girgiza kai: babu komai.

"Shi ke nan, ta ƙarasa kashe shi," in ji wata daga baya.

Ikilima ta miƙe. Ta kashe amfilifaya, ta mayar da ja wurin ja, baƙi wurin baƙi. Ta yi bisimilla ta kunna.

Sa'adiyya ta zabura kamar an taɓa ta ta baya. Hannayenta biyu suka dafe ƙirji. Ba ta buɗe ido ba. Can sai diddigenta na dama ya ɗaga ya sauka, ya ɗaga ya sauka, daidai kan duka, babu gaba babu baya. Ikilima ta zuba wa diddigen nan ido tana ƙirga taku a ranta har ashirin, ko ɗaya bai kauce ba. Tsofaffin gindin bango kuma suka ce yanzu hanjinsu ya zauna.

Bayan la'asar falo ya cika maƙil, turare ya gauraye da ƙamshin waina. Aka fito da amarya cikin lulluɓi mai ruwan zuma, ba a ganin komai nata sai ƙafafu da suka sha lalle. Ƙawaye suka kai ta tsakiya, daidai inda Ikilima ta manna ɗan farin salatif a ƙasa, suka ja baya. Dangin ango sun san ba ta ji, sun shirya fuskokin tausayi tun daga gida. Ikilima ta saki kiɗa.

Amarya ta jira duka huɗu, sannan ta taka. Ta taka a hankali yadda ya kamaci amarya, kafaɗa na sauka tare da ganga, ƙugu na amsawa. Da kiɗan ya canza taku ya ƙara sauri, ta canza tare da shi a wuri ɗaya. Fuskokin tausayi suka rasa aikin yi. Wata gwaggon ango ta rangaɗa guɗa, aka ɓarke, mata suka rufta fili. Ikilima na gani da idonta, 'yan mata biyu da suka rikice da sabon takun sun kafa wa kafaɗar Sa'adiyya ido suna bi. Har Goggo Yelwa, wadda rabonta da rawa tun ana kiɗan ƙwarya a ruga, ta miƙe ta shigo da carbinta a hannu.

Nan ne tsohuwar muguntar ta taso wa Ikilima. Yatsanta ya je kan makunni ya tsaya. Ta tuna sunan Tirwun, ta tuna fuskokin nan, zuciyarta ta ce kul. Ta sake kallon ƙafafun ƙanwarta. Sai ta danna.

Ɗif.

Amarya ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a gaba, ko lulluɓin bai kaɗa ba. Kowa ya tsaya. Mutum ɗaya kaɗai aka bari a fili tana juyi, ido a lumshe, carbi na lilo: Goggo Yelwa.

Ihun da aka yi sai da ya kai ƙarƙashin mangwaro, inda Godspower ke zaune da kwanon tuwonsa cikin su Baffa. Goggo ta buɗe ido ta hau zagin kowa da kowa har da akwatin. Sa'adiyya ta saci ɗaga gefen lulluɓi don ta ga abin da ya faru. Ta ga Goggo, ta ga inda yatsun mutane ke nuni, ta gane ba ita ba ce. Dariya ta ƙwace mata, mai ƙarfi, irin wadda ba a so amarya ta yi, kuma babu wadda ta hana ta.

Ta nemo yayarta da ido a bayan amfilifaya. Ikilima na kuka wiwi, ba ta ko ɓoyewa. Sa'adiyya ta zaro hannu ɗaya daga cikin lulluɓi, ta buga ƙirjinta sau biyu, ta ce mata ta mayar da kiɗan, ita ba ta gama ba.